Wuyana kaɗai ke yin ƙuraje bayan aski, ina gyaran yake?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na bar rezar roba mai baki uku na koma gidan reza na ƙarfe, irin wanda ake kwancewa a saka masa reza guda mai baki biyu. Ina jiƙa fuska, ina shafa kumfa, kuma kumatuna suna fita lafiya lau. Wuya ne matsalar. Daga ƙasan haɓa zuwa gefen maƙogwaro sai ya ɗauki raɗaɗi da zarar na gama, bayan kwana biyu kuma ƙuraje su feso. Sau uku nake bin wurin, na ƙarshe daga ƙasa zuwa sama don ya yi sumul. Gashina mai nannaɗewa ne. Reza zan canja, ko sabulu?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Kada ka sayi komai tukuna. Amsarka tana cikin tambayarka, a inda ka ce sau uku kake bin wuya, na ƙarshe daga ƙasa zuwa sama don ya yi sumul. Wannan sumul ɗin da kake nema shi ke jawo maka ƙurajen, musamman tunda gashinka mai nannaɗewa ne. Reza da sabulu suna da nasu laifin, za mu zo kansu, amma a baya suke.

Abu biyu ne ke damunka, ko da yake a wuri guda suke fitowa. Raɗaɗin da kake ji da zarar ka wanke kumfa, kankarewar fata ce. Reza ba gashi kaɗai take ɗauka ba. Duk wucewar da ta yi tana tafiya da wani abu daga matattun ƙwayoyin da suka yi wa fata rufi suke tsare mata danshi. Wucewa ɗaya ba ta da illa, dama fata kullum cikin zubar da su take. Amma idan aka yi ta maimaitawa a wuri guda, ga kuma dannawa, sai rufin ya yi siriri har ruwa ma ya taɓa wurin a ji zogi. A farar fata ana ganin wurin ya yi ja. A fata mai duhu sau da yawa ba a ganin komai, shi ya sa mutum yakan ci gaba da kankara bai san ya riga ya yi ɓarna ba. Wannan yakan lafa cikin kwana ɗaya ko biyu idan aka ƙyale shi.

Ƙurajen da ke fitowa daga baya kuwa, gashi ne ya koma cikin fata. Gashi mai nannaɗewa tun daga tushensa a lanƙwashe yake, domin ramin da yake tsirowa a ciki shi kansa ba miƙaƙƙe ba ne. Idan reza ta yanke shi, a karkace take yankewa, sai ta bar masa tsini. Daga nan hanya biyu ce. Ko dai ya fito waje, ya yi tsawon milimita kaɗan, ya lanƙwaso ya soki fatar da ke gefensa ya shige. Ko kuma, idan an yanke shi ƙasa da saman fata, ya kasa fitowa ta ƙofarsa, ya huda bangon ramin daga ciki ya ci gaba da girma a ƙarƙashi. Ta ko'ina ya shiga, jiki ba ya gane cewa nasa ne. Yana ɗaukarsa kamar sartse, ya tara masa kumburi, wani lokaci har da ɗan farin ruwa a kai, alhali ba wata ƙwayar cuta ce ta fara haddasa shi ba. Hanya ta biyun nan aikin askin da ake yi ne ana saɓa wa kwanciyar gashi ana jan fata. Reza takan ɗaga gashin ta yanke shi can ƙasa, kana sakin fata sai guntun ya nutse. Sumul ɗin da yatsanka ke ji a ranar, ma'anarsa gashi masu tsini suna kwance a ƙarƙashin fata suna neman hanyar fita, kuma ba duka ne za su same ta ba.

Ba ƙaramar matsala ba ce ga masu irin gashinka. A rundunar sojan Amurka, inda aske gemu tas yake cikin doka, an yi shekaru da dama likitoci suna rubuta wa sojoji, galibinsu baƙaƙe, takardar izinin barin ɗan gemu saboda ita. Kuma a fata mai duhu ƙurji yakan bar baƙin tabo da zai yi watanni kafin ya dushe, ga wasu ma ya zama tabo mai tudu da ba ya tafiya da kansa.

Komawar da ka yi ga reza guda daidai ce. Tun 1971 da kamfanin Gillette ya fito da Trac II mai baki biyu a jere, dabarar irin waɗannan rezoji ita ce bakin farko ya jawo gashi waje kaɗan, na bayansa ya yanke shi kafin ya koma. Ga mai miƙaƙƙen gashi wannan aski ne mai kyau, ga mai nannaɗaɗɗen gashi kuwa gayyatar ƙuraje ce. Sai dai kai yanzu da hannunka kake yin abin da ka gudu. Bi uku da reza guda, na ƙarshe a kan saɓani, kusan wuri ɗaya yake kai ka da baki uku.

To me ya sa wuya, kumatu kuma lafiya? Fatar kunci shimfiɗaɗɗiya ce, gashinta galibi ƙasa ya nufa. Fatar wuya ta fi taushi, tana motsi, babu ƙashi a bayanta da zai tokare ta, ga kwari da tudu a kewayen maƙogwaro. Gashin wurin ba a tsaye yake fitowa ba, kusan kwance yake a jikin fata, kuma bai fuskanci wuri ɗaya ba. A wuyan mutum guda za ka samu na ƙasan haɓa ya nufi ƙasa, na gefe ya nufi kunne, na gindin wuya ya nufi sama, wani wurin kuma ya yi cibiya yana juyawa. Saboda haka maganar "daga sama zuwa ƙasa" da kowa ya gada ba ta aiki a wuya. Mai yiwuwa ne tun a bi na farko, wanda kake zaton kana bin kwanciya, akwai inda kake saɓa mata. Ka duba da kyau, sau da yawa daidai nan ne ƙurajen suka fi taruwa.

Don haka sai ka san wuyanka. Ka bar gashin ya yi kwana 2 ko 3, ka tsaya gaban madubi inda akwai haske, ka shafa yatsa ko 'yar auduga a kowane sashe, sama, ƙasa, dama, hagu. Inda yatsa ya zame ba turjiya, nan ce kwanciyar. Inda ya ji kaushi ko auduga ta maƙale, nan ne saɓani. Ka raba wuyan gida-gida, ka zana a takarda da kibiyoyi, ko ka ɗauki hoto da waya ka faɗaɗa. Kada ka ɗauka dama da hagu ɗaya ne, da wuya su zo daidai. Mutane suna raina wannan aikin saboda ba a sayen komai a cikinsa, amma a ganina ya fi duk wani mai da za ka shafa amfani, kuma sau ɗaya ake yin sa.

Kafin ka sake ɗora reza, wuyan yana buƙatar hutu. Aski a kan ƙuraje fille kawunansu ne, a buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa. Ka ba shi mako 3 zuwa 4, ko har sai ya lafa. Gemu yana ƙaruwa da kusan sulusin milimita a rana, wajen santimita 1 a wata, kuma idan ya yi tsawo, wanda ya lanƙwasa ya shige fata yakan fizgo kansa ya fito. A makon farko abin yakan ƙara muni kafin ya fara gyaruwa, kada ka karaya. Idan wurin aikinka ba a yarda da gemu ba, ka sa kilifa ka bar kamar milimita 1. Daga nesa ba mai cewa ba ka yi aski ba, kuma tsawon ya isa ya hana gashi nutsewa. Kullum ka ɗora tawul mai ɗumi na 'yan mintuna, sannan ka murza wurin a hankali da buroshi mai laushi, a kewaye, don kawunan da suka fara shiga su kuɓuce. Wanda ka ga lanƙwasarsa a fili, kana iya zura tsinin allurar da aka goge da sifirit a ƙarƙashin lanƙwasar ka ɗago kan. Ɗagowa kawai. Kada ka tsige shi, domin sabon da zai tsiro daga can ƙasa zai faro, ya sake huda bango. Kada kuma ka tona fata kana neman wanda ba ka gani. Da yawa daga cikin baƙin tabon da nake gani a wuyan mutane, farce da matsefata ne suka yi shi.

Ranar da za ka koma aski, ruwa ne farkon aiki. Busasshen gashin gemu yana da tauri ƙwarai, amma yana shan ruwa. Idan ya jiƙu sosai sai ya kumbura ya yi laushi, ƙarfin da reza ke buƙata don yanke shi ya ragu da fiye da rabi. Wannan yana cin minti 2 zuwa 3 na jiƙa ta gaske, watsa ruwa sau ɗaya ba ya yi. Mafi sauƙi ka yi aski da zarar ka fito daga wanka. Ka wanke wurin tukuna, domin maiƙon fata yana hana ruwa shiga gashi. Ruwan ɗumi ya isa, mai zafi ƙwarai busar da fata yake yi. Ka kuma bar wuya a ƙarshe. Kafin ka gama kumatu ya ƙara samun lokaci a ƙarƙashin kumfa, idan ta fara bushewa ka sake shafawa.

Kumfa kuwa aikinta santsi ne. Mutane suna son su ga ta yi tudu fari fat, alhali irin wannan iska ce ta yi mata yawa, ruwa ya yi mata kaɗan. Wadda ake so tana ƙyalli, tana da nauyi, idan ka murza ta tsakanin yatsu biyu sai su zame. Idan tana tarwatsewa ko tana bushewa a fuska kafin ka iso, ƙara ruwa kaɗan-kaɗan. Sabulun wanka ba ya riƙe santsi, ka nemi sabulu ko kirim da aka yi don aski. Idan kana amfani da buroshi, ka haɗa kumfar a kwano ka shafa wa wuya a hankali, domin dirza sabon buroshi mai kaushi a wuya shi kansa kankara ce tun reza ba ta zo ba. Akwai kuma wanda sabulun ne ba ya shiri da fatarsa, galibi saboda turaren da ke ciki. Gwajin mai sauƙi ne: shafa kumfar a wuya ranar da ba za ka yi aski ba, ka bar ta minti 5. Idan ta yi maka zafi ko ƙaiƙayi ba tare da reza ba, ka koma wanda ba shi da ƙamshi. Masu mentol ba na son su ga mai koyo, domin sanyin yana rufe zafin da ya kamata ya gaya maka hannunka ya yi nauyi.

Hannun nan shi ne babban abin da wanda ya taso da rezar roba yake kawowa. Ita ba ta da nauyi, kanta yana juyawa yana bin fuska, dole ka danna kafin ta ci. Gidan reza na ƙarfe yana da nauyinsa, kansa ba ya juyawa, kuma bakin rezar a fili yake. Nauyinsa kaɗai ya isa. Ka riƙe shi da yatsu uku kusa da ƙarshen mariƙi, riƙon da idan an buge hannunka zai iya faɗuwa. Ka kalli madubi: idan fata tana lotsawa a ƙarƙashin kan, ka danna. A wuya abin ya fi wahala, domin inda gashi ya nufi sama dole ka tura reza sama, nauyinta ba ya taimakonka, nan ne hannu yake ƙara ƙarfi ba ka sani ba. Ja gajere-gajere, santimita 2 ko 3, ka ɗauraye kan akai-akai don kada gashi ya toshe shi.

Sai karkatar reza. Ana cewa digiri 30 tsakanin bakinta da fata, amma ba mai awo a gaban madubi. Ga yadda ake samu: ɗora murfin kan a fata, mariƙi ya miƙe waje sosai, a nan reza ba ta taɓa komai. Sai ka riƙa sauke mariƙin a hankali kana ja, har ka ji ƙarar yankan gashi ta fara. Ka tsaya nan. Idan ka ci gaba da saukewa har mariƙi ya kusa kwanciya a jikin wuya, bakin rezar ya miƙe tsaye a kan fata, ya bar yanka ya koma kankara. Wuya a lanƙwashe yake, saboda haka karkatar da ta yi daidai a ƙasan muƙamuƙi ta ɓaci kafin ka kai tsakiya. Dalilin gajeren ja ke nan, kowane ja ka sake saita hannu. Kunne ya fi ido amfani a nan, ka kashe famfo ka saurara.

Kada ka ja fata. Na san an saba ganin mai aski yana miƙar da fata da yatsu, kuma da aska tsirara akwai dalilin hakan. Amma ga mai nannaɗaɗɗen gashi, jan fata shi ne yake turo gashi waje a yanke shi ƙasa da inda ya kamata. Ɗaga haɓa sama ƙwarai ma jan fata ne, ko da ba ka sa hannu ba. Ka ɗaga kaɗan, daidai yadda fatar za ta shimfiɗu ba ta yi tauri ba. A kan tudun maƙogwaro, ka zamar da fatar gefe kaɗan da yatsa ka aske ta a inda ya fi shimfiɗa, ko ka haɗiye yawu ka riƙe, tudun ya haura sama na ɗan lokaci ka wuce.

Bi ɗaya, da kwanciya, shi ne rabon wuyanka na wata guda ko fiye. Idan ka ga wani wuri ya saura, sai ka sake shafa masa kumfa kafin ka koma. Reza ba ta taɓa inda babu kumfa, kuma wannan ɗan gyaran da ake yi a busasshiyar fata bayan an gama shi ne ya fi kowane ɓarna. Bayan fata ta kwanta, idan kana son ƙari, kana iya gwada bi na biyu a gicciye, wato ba da kwanciya ba, ba kuma saɓaninta ba. Saɓani a wuya kuwa, da irin gashinka, shawarata ka bar shi har abada. A kumatu, tunda suna jurewa, wannan ruwanka. Za ka shafa wuya ka ji ɗan kaushi, gaskiya ne. Amma kai kaɗai kake shafawa, mai kallonka ba ya ganin kaushin, ƙuraje da tabo kuwa yana ganinsu daga nesa.

Yanzu ga rezar da ka tambaya. Dakusasshiyar reza tana fizgar gashi kafin ta yanke, kai kuma sai ka ƙara dannawa ka ƙara maimaitawa. Yawanci sabuwar reza aski 3 zuwa 5 take yi, mai kaurin gashi ma ƙasa da haka. Kada ka yi mamakin saurin lalacewarta. A 2020 masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka sun nuna cewa gashi, duk da ya fi ƙarfe laushi nesa ba kusa ba, yana ɓantare bakin reza ƙanana-ƙanana, musamman idan ya lanƙwasa ya haɗu da ita a karkace. Gashin wuya kuwa kusan duka a karkace yake haɗuwa da ita. Ido ba ya ganin ɓantarewar, fata tana ji. Idan ka ji fizga, canja, kada ka jira lissafi. Rezoji kuma sun bambanta. Feather ta Japan an san ta da tsananin kaifi, Derby ta Turkiyya ta fi sauƙi, Astra tana tsakani. Ana yawan ba mai ƙuraje shawarar ya nemi mai sauƙin kaifi, ni ban cika yarda ba. Ga gashi mai kauri, reza mai kaifi a hannu mara nauyi takan gama aiki a wucewa ɗaya, mai sauƙin kuwa ta sa ka koma sau biyu. Bayan aski ka ɗauraye ta, ka kaɗe ruwan, ka ajiye inda za ta bushe, kada ka goge bakin da tawul. Kuma reza ta mutum ɗaya ce, ciwon hanta nau'in B da C suna bin jini ko da ɗigon ba ya ganuwa.

Shi ma gidan rezar a duba shi. Wani yana barin tazara mai faɗi tsakanin bakin reza da sandar kariya, ko ya fito da bakin waje sosai. Irin Mühle R41 an san shi da cizo, Merkur 34C da Edwin Jagger DE89 kuwa masu sauƙi ne, kuma irinsu ya dace da kai. Idan naka mai lambobi ne da ake murɗawa, ka sauke shi ƙasa idan ka iso wuya. Kowane lokaci ka saka reza, ka kalli kan daga sama ka tabbata bakin ya fito daidai a ɓangarorin biyu, ka ɗaure sosai, domin rezar da ke rawa tana yagar fata. Idan za ka canja wani abu, ɗaya bayan ɗaya, ka ba kowanne aski uku ko huɗu. Wanda ya canja reza da sabulu da gida a rana ɗaya, ko ya dace bai san abin da ya gyara ba.

Da ka gama, ka wanke ragowar sabulu tas, ka bi da ruwan sanyi, ka daddanna tawul ba gogewa ba. Alif yana tsayar da ɗan jini, kuma yana da wani amfani ga mai koyo: jiƙa shi ka shafa, duk inda ya yi zogi nan ne hannunka ya yi nauyi ko karkata ta ɓaci. Ka wanke shi bayan rabin minti, domin yana busar da fata, idan kuma fatarka dama busasshiya ce ka bar shi. Ruwan bayan aski mai sifirit da turare ba na wuyan da ke raɗaɗi ba ne. Zafin da yake yi ba alamar magani ba ce. Man shafawa mara ƙamshi, mara nauyi, irin mai gilisarin, ya wadatar. Sai kwalar riga. Kwala mai tauri da aka ɗaure har wuya, ga gumi, tana goga wurin yini guda tana tura kawunan gashi cikin fata. Idan dole ne ka sa ta da safe, gwada yin aski da dare.

Tazarar aski tana da gefe biyu. Kullum-kullum, fata ba ta samun lokacin gyara rufinta. Idan kuma ka bari ya yi kwana biyar ko mako, gashi ya yi tsawon da zai lanƙwaso ya soki fata. Ga yawancin masu irin matsalarka, kowane kwana 2 ko 3 ya fi zama daidai. Wanda ka zaɓa ka tsaya a kai.

Idan ka yi duk wannan wata biyu ƙuraje suna nan, akwai magunguna na shafawa. Masu salisilik asid ko gilaikolik asid suna rage matacciyar fatar da ke rufe ƙofar gashi, amma da dare ake shafa su, ba a kan sabon aski ba. Benzoyil feroksaid yana taimakawa idan ƙurajen suna yin ruwa, sai dai yana koɗar da launin tufafi da tawul. Haidirokotizon mai kashi 1 cikin 100 yana kwantar da kumburi, na 'yan kwanaki kawai. Mayukan sitiroyid masu ƙarfi kada ka kai su wuya da kanka, suna sirantar da fata su kawo wasu ƙurajen. Hoda ko kirim mai narkar da gashi ba ya barin tsini, shi ya sa wasu suke samun sauƙi da shi, amma yana ƙona fata idan ya wuce lokacin da aka rubuta, a gwada shi a ɗan wuri tukuna. Akwai kuma wanda fatarsa ba za ta taɓa shiri da reza a wuya ba duk iya hannunsa. Irin wannan ya aske kumatu da reza, ya bar wa kilifa wuya.

Ka ga likitan fata idan ƙurajen suna zafi suna tara mugunya, ko suna yaɗuwa zuwa inda ba ka askewa, ko wuri ya yi ɓawo gashi yana zubewa, ko tabo ya fara tudu yana tauri. Waɗannan suna iya zama kamuwar bakteriya ko fangas a tushen gashi, kuma maganinsu daban ne, ko kuma farkon tabo mai girma wanda gara a tare shi da wuri. Likita yana iya rubuta kilindamaisin na shafawa, ko tiretinoyin da danginsa, ko maganin sha. Ga wanda abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa akwai rage gashi da leza, wato hasken na'ura mai ƙona tushen gashi, kuma a fata mai duhu nau'in Nd:YAG ake zaɓa domin ya fi sauran rashin ƙona fata, ka tambaya kafin a fara. Ranar da za ka je, ka bar wuyan kwana 3 ba aski don likita ya ga yadda gashin yake shiga, ka kuma tafi da duk abin da kake shafawa.